Tayoyin Babur ɗin Emrys

Ran Talata na sauko Tregaron cikin yayyafi,
tsohuwar taya ɗaya a bayan mota,
ta sule kamar kan Idwal mai shago.
Ya dube ta, ya dube ni, ya ja tsaki:
"Eirlys, da wannan kike hawa Tudun Hankaki?"
Na ce da ita. Tun kaka. Tun rasuwar Emrys.

Shekara talatin shi ke sayen taya,
ni ke riƙe da littafin tumaki.
Babur mai ƙafa huɗu nasa ne har ya tafi.
Yanzu ni da karyata Fflei ke kansa da asuba,
buhun dusa a gaba, ita a baya tana haki.

Idwal ya mirgino ta farko.
Haƙoranta tsawon gaɓar yatsa biyu,
giɓi a tsakaninsu, hannu ya shige.
"Wannan ta taɓo ce. Fadamarki ta ƙasa,
inda ruwa ke kwana daga Oktoba har Mayu,
za ta keta ta, ta tofar da laka, ta wuce."
Na shafa ta. Na tuna hanyar tsakuwa,
mil biyu daga gida zuwa garken sama,
da ƙugun nan nawa da likita ya ɗinke.
A kan tsakuwa sai ta kaɗa min ƙasusuwa,
a kan ciyawa ta yi min huɗa kamar garma,
ruwa ya bi sawun ya kwashe ƙasa.

Ta biyu sumul, zanenta ƙanana a jere.
Shiru take tafiya, in ji shi, ba ta shan mai.
Na sani. Irinta ce a ƙarƙashin Emrys
ranar da raɓa ta kwanta a gangaren arewa,
baya ya zame gefe ba ko sallama.
Haƙarƙari uku ya karya.
Ya ce laifin raɓa ne. Na ɗumama masa miya.

"To zaɓi," in ji Idwal, "laka ko hanya."
Na ce gonata ba ta zaɓa ba.
Kafin shayin safe na taka duka uku:
caɓi a bakin rafi, tsakuwa, sai tudu,
inda tunkiya mai naƙuda ke zuwa ɓuya
bayan katangar dutse, don kawai ta ja ni.

Ya shiga ciki ya daɗe.
Ta ukun da ya fito da ita ba ta da kwarjini.
Haƙora matsakaita, a karkace kamar sawun hankaka,
wasu sun gangaro har kafaɗarta,
su ke cizon ƙasa in tudu ya karkata.
Ninki shida, dutse mai kaifi ba ya farke ta.
"A laka ba ta kai ta farko ba.
A hanya ba ta kai ta biyu ba.
Babu inda za ta burge ki."
Na ce ba burgewa na zo saye ba.

Sirara a gaba don kai ya juya,
masu faɗi a baya su ɗau nauyi.
"Iska kaɗan," ya ce, "bar ta ta yi tumbi.
Tayar da ta kumbura ba ta jin magana."
Kuɗin ya cinye raguna huɗu.
Na ƙirga sau biyu, na biya.

Laraba gajimare ya sauko har ƙofar gida.
A bakin rafi ta yi jinkiri, ta yi gurnani, ta fita.
A tsakuwa ƙuguna ya yi ƙorafi kaɗan.
A gangaren arewa na jingina jikina ga tudu,
na riƙe numfashi daidai wurin,
Fflei ta manna min kai a gadon baya.

Baya bai zame ba.

Tunkiyar na bayan katanga, tagwaye a jiƙe,
ɗaya ya miƙe, ɗaya bai yanke shawara ba.
Na cusa shi cikin rigata,
na sauko a hankali, a giya ta ɗaya.